To Madalla, Ta Ƙare

Kalma huɗu na faɗa, kuma ba da ƙarfi ba.

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, a filin bikin kaɗe-kaɗe da aka kafa kusa da Al Thumama a birnin Doha. Kamfanin tsaron da nake wa aiki ya ajiye mu biyu a gaban dandamali, bayanmu ga makaɗa, fuskarmu ga jama'a: ni da Mumin, mutumin zangon Kumasi. Makaɗan Turawa ne su biyar daga wata ƙasa mai sanyi. Sunan ƙungiyarsu, in an fassara, Tsanin Gishiri. Irin kiɗansu wai shi ake kira rok mai ci gaba. Ci gaban mai haƙar rijiya. Waƙa guda sai ta yi minti ashirin da biyar, ta hau, ta gangara, ta sauya tafiya kamar jakin da ya hango kura, masoyansu kuwa suna tsaye ido rufe suna bin kiɗan da yatsu. Yawancinsu furfura ta fara kama su. Wani ya ce mini tun daga Brazil ya taso don wannan yammacin kawai. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da adabi a Zariya, na san ba a yi wa mai so gardama.

Ana cikin waƙa ta ƙarshe sai komai ya tsaya cik. Ba ganga, ba jita, ba ko tari. Awa uku na yi tsaye da lasifika a ƙeyata. Na sauke numfashi na ce, "To madalla, ta ƙare."

Ba ta ƙare ba. Shirun yana cikin waƙar, minti ɗaya da rabi, kuma kowa a filin ya san haka ban da ni. Abu na biyu da ban sani ba shi ne, ƙaramin makirufon da ke bisa kaina, wanda aka juya wa jama'a don ɗaukar tafi, yana kai sauti kai tsaye ga masu kallo ta intanet a duk duniya.

Da safiyar Juma'a shugabanmu Kamil, Bamisire, ya sa aka ɗauko ni zuwa ofis a Al Gharrafa.

"Ustaz Uwais, an ce kai malami ne. Zauna ka saurara."

Ya kunna bidiyon a wayarsa. Na ji shirun mutum dubu shida, sannan na ji muryata, tar kamar ladan. Kyamarar tana kan layin gaba a daidai lokacin. Fuskar Mumin ce ta cika hoton, leɓensa na motsi, don shi mutum ne da ba ya rabuwa da salati. Ni kafaɗata kawai ta fito.

"Direbana Basudane ya ce yarenku ne. Me aka ce?"

"Yabo ne," na ce. "Madalla, kamar ka ce masha Allah."

"Ko addu'a ce ba ruwana. Masu bikin sun yi shirin sayar da wannan wasan a faifai, yanzu sun ce an ɓata shi. Suna son suna guda, mutum guda, tikiti guda na komawa gida." Ya taɓa fuskar Mumin a wayar da farcensa. "Ku biyu ne masu yaren a wurin, ga bakin wannan yana motsi. Ka rubuta mini fassara, ka sa hannu cewa muryarsa ce. Khalas, shi ke nan."

"Sai na ƙara saurara."

"Saurara har gobe. Gobe suna da wasa na biyu, ba ni da mutane, ku biyun za ku koma wurinku. Ana tashi ina son takardar."

Shekarata hamsin da huɗu. Babu kamfanin da zai sake ɗauko mai shekaruna daga Najeriya ya ba shi rigar aiki. Kuma ba ƙaunar Doha ce ta riƙe ni ba. Tun da matata Haulatu ta rasu na kulle gidanmu na Tudun Wada na taho, don a nan ba mai tare ni a hanya ya ce mini in yi haƙuri, ko ya kawo mini labarin wata bazawara mai hankali. Tikitin da Kamil ke magana a kai, ƙofar wannan gidan zai kai ni.

Bayan an sauko daga Juma'a na kwanta a gadona a masaukinmu na Umm Salal na shiga karanta abin da masoyan Tsanin Gishiri ke rubutawa. Sun haura dubu uku. Wani ya ce tsohuwar kalma ce ta mutanen ƙanƙara, makaɗan ne suka dasa ta da gangan, duk wanda bai gane ba bai san ƙungiyar ba. Wani ya ƙirga gaɓoɓin maganar ya ce bakwai ne, daidai da bugun waƙar, don haka ba zai yiwu a ce kuskure ba ne. Na ƙirga, bakwai ɗin ne. Wata ta ce shekara goma sha ɗaya tana jiran ranar da za ta tsaya cikin wannan shirun, wani ƙato ya tofa mata yawu a ciki. Da yawa sun sa hoton Mumin, an zagaye bakinsa da jan layi, suna neman a kore shi. Can ƙasa wani Bakano ya rubuta cewa Hausa ce, kuma wallahi mutumin gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya kula shi.

Mumin ya shigo da kwano biyu, tuwo da miyar ayoyo, ya ajiye ɗaya gaban gadona ya zauna a ƙasa. Wata takwas ke nan da zuwansa. Yana da mata, Fuseina, da yara huɗu, kuma duk masaukin mun san sunayensu ko muna so ko ba ma so. Hausarsa irin ta zango ce, ba ƙ, ba ɗ, kuma komai namiji ne.

"Malam, ka ci. Zai yi sanyi."

"Na ƙoshi."

"Kamil ya kira ni. Ya ce in fara hada kaya na." Ya yanki loma, bai kai ta baki ba. "Fuseina ya gani a waya. Dan'uwan shi ya tura ma shi. Ya kira ni yana kuka, wai na tafi Larabawa na zagi Bature."

"Ka ce mata yabo ne."

"Malam." Ya ajiye lomar. "Ni in zan fada, 'ya kare' zan ce. Mu a Kumasi waka ya kare, ruwa ya kare, mata ya tafi kasuwa. Kai ne kullum kana gyara ni. Mumin, mota mace ce. Mumin, ka kashe Hausa ka binne. Yau kuma na iya?"

Na kalli fankar da ke juyawa a rufi.

"Ban ce ma Kamil komai ba," in ji shi. "Kai babba ne. Ba na kai karan babba."

Da ya zage ni da na ji daɗi. Na san yadda ake mayar da zagi, sana'ata ce. Ya cinye tuwonsa tsaf, ya wanke kwanon, ya fita. Nawa ya kwana a wurin.

Na ɗauko takarda na rubuta fassarar cikin Turanci mai kyau, layi biyu. Na bar wurin suna. Na ninke ta na sa a aljihun rigar aiki, kuma tun daga lokacin duk motsin da na yi sai na ji ta.

Ranar Asabar filin ya fi cika. Tun kafin a fara na hango kwalaye uku an ɗaga sama, an rubuta MADALA, da lam guda. Wasu samari suka zo suka roƙi Mumin ya tsaya su ɗauki hoto da shi. Yana cikin ƙi sai wani mai doguwar furfura ɗaure a ƙeya ya matso jikin shingen ƙarfe, ya nuna shi da yatsa, ya faɗi abin da ba sai an fassara ba. Mumin ya sunkuyar da kai. Kamil yana tsaye taku biyar a gefenmu da rediyo a hannu, ya zo gadin masu gadi.

Wata dattijuwa da ke layin gaba, ta ɗora rigar ƙungiyar a kan doguwar riga, ta yafito Mumin. Ba faɗa ta zo yi ba. Da Turanci a hankali ta ce masa tana so dai ya sani: a da, wurin shirun nan mai gangarsu na farko ne yake kaɗawa shi kaɗai. Ƙanin mawaƙin ne. Da ya mutu sai suka ƙi ba kowa wurin, suka bar shi fanko, minti ɗaya da rabi, duk inda suka je.

Mumin ya ce mata ta yi haƙuri. Shi ya ba ta haƙuri, ina tsaye.

Na san irin wannan shirun. Ina da ɗaki biyu da falo cike da shi.

Aka fara. Ban ji komai daga waƙoƙin farko ba sai bugun da ke shiga ta ƙafafuna. Rana ta yi ƙasa, jirage na sauka ɗaya bayan ɗaya ta bayan dandamali, ni kuwa ina lissafin waƙa nawa ta rage. Tari ya taso mini, irin wanda ba ya zuwa sai an hana shi. Na ɗaga ido, makirufon yana nan, an ma ƙara masa wani. Da suka shiga waƙa ta ƙarshe sai na ga jama'a sun daina rufe ido. Mu suke kallo. Mutum dubu bakwai sun biya kuɗin jirgi don su kalli bakin Mumin.

Kiɗan ya hau, ya hau, ya tsaya.

Na danne harshena da haƙori. Daƙiƙa goma. Ashirin. Ina jin numfashin dattijuwar. Na fara tunanin wataƙila za mu tsira, wataƙila in shirun yau ya fita lafiya masu bikin za su ɗauki na yau su manta da na Alhamis, takardar ta mutu a aljihuna.

Daga can baya wani ya kwarma, "Madala!"

Wasu suka yi dariya. Wasu uku suka amsa masa. Sai "shhh" ya tashi ko'ina kamar an zuba ruwa a mai, wani ya fizge kwali ya yaga, aka fara ture-ture, shingen ya turo mu baya. Na waiwaya, abin da aka hana mu yi. Mawaƙin yana tsaye, dogo, siriri, ya zuba wa jama'arsa ido. Ya cire jitar daga wuyansa ya jingine ta a hankali, ya sauka ta baya. Sauran huɗun suka bi shi.

Kamil bai jira an tashi ba. Ya iso yana huci, rediyonsa na ta surutu, ya kama katin aikin da ke rataye a wuyan Mumin ya zare shi ta kai.

"Yalla, maza mota. Ustaz, takarda."

Na fito da ita. Ya buɗe ya ga wurin suna fanko, ya miƙo mini biro.

"Akwai matsala a nahawun," na ce.

"A me?"

"Wanda ya yi maganar 'ta' ya ce. A Hausarmu waƙa mace ce. Mutanen Ghana ba su da mace a magana, 'ya' suke cewa. Sannan akwai harafin ƙ, wanda ake fitarwa daga..."

"Mace ce ta yi maganar?"

"A'a. Waƙar ce mace."

"Ustaz, ana yaga mini fili, kana koya mini karatu? Sa hannu!"

Shekara ashirin da biyu ina gaya wa ɗalibai su faɗi abu kai tsaye, ga ni ina zagaye kamar mai neman aure. Mumin yana tsaye ba kati, hannayensa a baya, bai ko kalle ni ba.

"Ni ne," na ce. "Ni na faɗa. Shi salati yake yi."

Kamil ya dube ni, ya dubi Mumin. Na ga yana auna wanne cikinmu ya fi sauƙin bayani ga masu bikin, tunda fuskar da duniya ta sani ba tawa ba ce.

"Faɗi in ji."

Na faɗa masa, daidai yadda na faɗa ranar Alhamis, har da sauke numfashin. Ya kunna wayarsa ya kara a kunne, ya sa na maimaita. Sannan ya juya ga Mumin ya ce shi ma ya faɗa.

"To madalla, ya kare," in ji Mumin.

Kamil ya jefa masa katinsa a ƙirji. Nawa ni na cire da kaina, ban yarda a zare mini ta kai ba. Na rubuta sunana a takardar, cikakke, da kyakkyawan rubutu.

"Malam..." in ji Mumin.

"Shingenka zai faɗi. Je ka riƙe."

Na ratsa ta gefen fili zuwa inda motocin kamfani suke. Direban bas ɗinmu, ɗan Nepal, yana kwance a kujerar gaba da ƙafa a kan sitiyari. Ya ce ba zai tashi da mutum ɗaya ba, sai sauran sun gama aiki. Na ce ba sauri nake ba. Na zauna a kujerar baya ina jin ihun filin daga nesa, ina ƙoƙarin tuna wa na bar wa makullin gidan, yayana ko ƙanin Haulatu. Da dukansu biyu ba ma magana.