Koyil Uku da Guntun Roba

Ni dai ban iya zama da ƙara ba. Ba ihu nake nufi ba, ihu ina jurewa, shekarata ashirin da biyu da aure. Ƙaramar ƙara nake nufi, irin zzz ɗin nan da ba ta hawa ba ta sauka. A gidanmu babu abin da ban cusa wa takarda ba: ƙasan firji, bayan agogon bango, murfin fanka. Matata ta ce duk ranar da ta fara minshari ta san abin da zai same ta.

Aikina gyaran wuta ne a gidan burodi, shekara goma sha ɗaya ke nan. Babban injin kwaɓa fulawa guda ɗaya gare mu. A bango kusa da shi akwai akwatin ƙarfe, a ciki akwai kontakta, wato makunnin da ke ba injin wuta. Abin ba shi da wuyar ganewa. Siririyar waya ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe, ita muke kira koyil. In ka danna koren maɓalli wuta ta shiga koyil, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo ɗan'uwansa su haɗe baki da baki, ƙwas, inji ya tashi.

To kontaktan nan sai ya fara ƙara. Masu kwaɓi ba su ma ji ba, su da rediyonsu. Ni kuwa ko ina can ɗakin kaya ina jin ta a haƙorana. Na ɗaure kusoshi, na buga akwatin da tafin hannu, na yi masa magana mai daɗi, na yi masa mara daɗi. Rannan da aka tafi cin abinci na kashe wuta, na yanko ɗan guntun robar tayar keke, siriri kamar farce, na manna shi a bakin ƙarfen, daidai inda suke haɗuwa. Na kunna. Shiru. Na tsaya ina sauraron shirun nan kamar wanda aka ba lambar yabo, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin koyil ya ƙone, da kwaɓi rabi a cikin inji. Na ɗauko sabo na saka, na ce tsufa ne, komai da lokacinsa. Talata sabon ya ƙone. Na ce kayan yanzu ne, ba a yin su da tsoron Allah. Laraba na uku ya ƙone tun kafin azahar, warinsa ya cika ɗakin har ya danne ƙamshin burodi. Kuma duk sanda na canza koyil sai na gyara wa robata zama, na tabbatar ba ta goce ba. Wannan ɓangaren ne ba na son tunawa.

Maza shida suka tuɓe riguna suka koma kwaɓi da hannu. Dogo, babbansu, ya ce in Injiniya ya gama kallon akwatinsa ga wuri nan, a matsa masa. Injiniya suke ce mini in suna jin haushina.

Mai gidan burodin mutum ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. Ya kira ni ofis, ya bar ni a tsaye, ya tambaye ni koyil nawa ya rage a ɗakin kaya. Na ce ɗaya, ranka ya daɗe.

"In wannan ya ƙone," in ji shi, "ka ajiye mini makullin ɗakin kaya a kan teburin nan. Zan kira Mai Tabarau."

Mai Tabarau wani mai gyara ne da muka koyi aiki wuri ɗaya muna samari. Na daɗe ban gan shi ba, amma na san shi, mutum ne da ke goge sukundireba da hankici.

Ban saka koyil na huɗu ba. Na zauna gaban akwatin da mitata na auna duk abin da ke aunuwa. Wutar da ke shigowa daidai. Wayoyi daidai. Sabon koyil daidai yake da abin da aka rubuta a kwalinsa. Na tashi na zagaya injin, na dawo na sake aunawa, ko mita za ta canza ra'ayi. Na fita waje na tsaya bakin titi ina kallon motoci, na ji ba zan iya tsayuwa ba, na koma ciki na ji ba zan iya zama ba. Na haɗa shayi na manta shi a kan buhun fulawa. Makullin ɗakin kaya kuwa sai taɓa shi nake a aljihu kamar ciwon haƙori.

Da na koma gida da la'asar matata ta dube ni sau ɗaya ta ce in je wurin yayanta. Na ce mata akwai abin da ake kira mutunci. Ta ce akwai kuma abin da ake kira zaman gida, ita ba za ta iya da ni ba daga safe har yamma ina bin kayan ɗakinta da takarda.

Yayan nata ya koyar da ilimin lantarki shekara talatin kafin ya yi ritaya. A gabansa Yaya nake ce masa, a bayansa Mai Alli. Na taɓa faɗa a gaban dangi cewa mutumin da ya cika allo da lissafin wuta ni yake kira in soket ɗinsa ya yi baƙi. An yi dariya sosai. Shi bai yi ba, kuma malamai ba sa mantuwa.

Na same shi a baranda yana ba tsuntsayensa ruwa. Muka gaisa, ya tambayi ƙanwarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bai taɓa damuwa da shi ba, don dai ya ga ina mutsu-mutsu a kujera. Sannan na zazzage masa gawar koyil uku a kan tebur, da kontaktan gaba ɗaya, na cire shi na zo da shi a jaka tare da sabon koyil na huɗu.

Ya sa tabarau, ya juya abin, ya leƙa tsakanin ƙarafan. Ya sa farce ya ɓamɓaro robata, ya ɗaga ta sama kamar wanda ya tsinci ƙuda a miya.

"Wannan fa, Injiniya, daga kamfani ta zo?"

Na ce wataƙila wani ne ya saka. Ya ce lallai wanin nan yana da hannu mai kyau, dubi yadda ya yanka gefen a miƙe.

Daga nan ya shiga aji, ni kaɗai ne ɗalibi. Ya tambaye ni me mitata ta ce game da koyil, na gaya masa. Ya ce mita ba ta yi ƙarya ba, amma rabin labarin ta sani. Ɗan batirin cikinta wuta yake turawa hanya ɗaya, saboda haka turjiyar waya kawai take gani. Wutar bango kuwa kai-komo take yi, ta je ta dawo sau hamsin a daƙiƙa ɗaya. Shi kuma koyil ba ya son a canza masa ra'ayi. Duk sanda wuta ta juya sai ya tura ta baya. Wannan turjiya ta biyu ita ce riyaktans, kuma ita ke tsare koyil, ba waya ba. In ƙarafan sun haɗe ƙam, turjiyar tana da ƙarfi, wuta kaɗan ke wucewa. In aka bar rata a tsakani, ko ta kaurin farce ce, sai ta yi rauni, wuta ta kwararo, siririyar waya ta dahu.

Na ce masa shekarata talatin ina taɓa wuta ban taɓa ganin riyaktans da idona ba.

"Ka ga hayaƙinta sau uku a mako guda," in ji shi.

Bai bar ni haka ba. Ya sa na haɗa koyil na huɗu a soket ɗin barandarsa, wanda ni na gyara masa bara, muka sa mita a hanyar wutar. Ba roba, allurar mita ta ɗan ɗaga ta tsaya. Da roba, ta haura wajen ninki huɗu, na ji koyil ya fara ɗumi a yatsana. Na fizge filogi da saurin da ban san ina da shi ba, don wannan koyil ɗin shi ne aikina gaba ɗaya.

Saura ƙara. Na ce to, Yaya, ita kuma fa, haka zan zauna da ita har in mutu. Ya karɓi kontaktan ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya nuna mini. Fulawa ce ta sha danshi ta daskare ta zama ɓawo. Ita ta hana su haɗuwa sosai tun farko, shi ya sa suke karkarwa. Wato ƙarfe yana kukan an bar masa rata, ni kuma na ji tausayinsa na ƙara masa. Ya aika aka kawo tsumma. Ya miƙo mini, ya ce shi aikin hannu ba nasa ba ne, kowa ya sani.

Washegari da safe na mayar da komai. Dogo da mutanensa suka tsaya a bayana, hannu duk fulawa. Na danna koren maɓalli, ƙwas, inji ya tashi. Na ɗora yatsa a kan koyil na ƙi ɗagawa. Minti goma, sanyi. Awa ɗaya, ɗan ɗumi irin na lafiya. Ranar sau goma sha tara na buɗe akwatin nan, Dogo ne ya ƙirga. Juma'a ma haka, Asabar ma haka. Ko abinci a tsaye na ci, kunnena na wurin bango.

Da mako ya cika na shiga ofis da kaina, na fara yi wa mai gidan bayanin wuta mai kai-komo da turjiya iri biyu. Maganar roba ce kawai na tsallake, don kada bayanin ya yi tsawo. Ya saurare ni yana duba takardunsa, ya ce madalla, in ja masa ƙofa in zan fita. Makulli yana aljihuna har yau.

Bayan wata guda na haɗu da ƙanin Mai Tabarau a shagon kayan wuta, na tambaye shi yayansa, da muryar wanda ya yi nasara. Ya ce ai shekararsa biyu da barin gyara, idonsa ba ya ganin waya. Kaji yake kiwo.