Mai Jan Biro

Litinin da Laraba da Juma'a nake zuwa wankin ƙoda. Awa huɗu a kujera ta huɗu, hannun hagu a ɗaure da allurai biyu, inji na ta ƙara a gefen kunnena. Shekara talatin na yi ina koyarwa, ban taɓa iya zaman banza ba, shi ya sa nake sayen jarida a bakin ƙofar asibiti. Labaran ba su dame ni ba. Shafin baya nake buɗewa, inda ake cike kalmomi a ƙananan gidaje, wasu a kwance wasu a tsaye, in ɗora a cinya in yi ta fama da fensir.

Gida ba kowa. Maigidana ya rasu shekara shida ke nan, ɗana ɗaya kuma yana wata ƙasa da matarsa. Ran Lahadi yake kira, ya tambaye ni jiki, in ce da sauƙi, shi ke nan. Kaɗaici ne, ba wani suna da zan sa masa.

Wata Litinin na manta jaridar a tsakanin katifar kujera da hannunta. Ran Laraba na same ta a nan, amma wani mai karambani ya cike gidaje ukun da suka gagare ni da jan biro. Bai tsaya nan ba. Inda aka tambayi abin da maƙeri ke dukan ƙarfe da shi, harafi shida, na rubuta guduma, sai ya soke ya sa masaba. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa mutane gyara da jan biro! Raina ya ɓaci, na duba na sake dubawa, wai ko in kama shi da kuskure. Shi ne da gaskiya. A ƙarƙashin jaridata kuma ga ta Talata, an cike ta saura kalma uku.

Na cike masa su, har na ja layi a ƙarƙashin wani harafi da ya rubuta kamar tafiyar kaza.

Haka muka ɗauka. Shi Talata da Alhamis da Asabar, ni kuma kwanakina uku, kujera ɗaya, inji ɗaya. In bar masa uku, ya bar mini uku. Ba zan ɓoye ba, sau da yawa na san amsar, da gangan nake bari, kuma na tabbata shi ma haka yake yi, don mutumin da ya san masaba ba zugazugi ne zai gagare shi ba. Wani lokaci yakan yi rubutu a gefen shafi. Ya taɓa rubuta cewa Mai Fensir ta yi ƙoƙari yau. Na rubuta masa cewa ba a nemi makinsa ba. Ranar na koma gida ina dariya ni kaɗai a mota, har direban tasi yana leƙena ta madubi.

Bayan wata biyar sai na ji ina so in ga fuskarsa. Na tambayi nas ɗin da ke sa mini allura, wata doguwa mai sanyin hannu, ko wane ne. Ta ce ba a ba su damar faɗin sirrin majinyata ba, kuma ba a shiga ɗakin sai wanda ke kan inji. To, ni ma da girmana ba zan je in tsaya a baranda ina leƙen tsofaffi ba. Sai na yi dabara, na ce a mayar da ni layin Talata, wai ya fi mini sauƙin samun mota. A raina, ko wace kujera aka ba ni, ai zan hango ta huɗu.

Ta ce layin a cike yake, sai in wuri ya samu. Ta rubuta sunana.

Daga nan na zame mata ciwon kai. Duk zuwa sai na tambaya ko wurin ya samu, har ta fara amsawa tun kafin in buɗe baki. Na sa abin a addu'a ma, safe da yamma, Allah ya buɗa mini wuri ran Talata. Injuna takwas ne a ɗakin, ba a ƙara ko ɗaya ba tun zuwana. Da ilimina da komai, ban taɓa zama na tambayi kaina ta yaya wuri ke samuwa a irin wannan ɗaki ba.

Wata Laraba na zaro jaridata ta Litinin, gidaje ukun suna nan fari fat, kuma babu ta Talata. Na ce ƙila ya yi tafiya. Ran Juma'a ma haka, jaridu biyu duk nawa. Nas ɗin tana manna mini filasta, ba ta ɗago kai ba, ta ce, “Mama, wurin da kike nema ya samu. Daga Talata mai zuwa. Ba ma sai kin sauya kujera ba.”

Na ce, “'Yata, an yi masa dashen ƙoda ne? Ko ya koma wani asibitin?”

Ta gyara filastar da ba ta buƙatar gyara, ta ce in sa shi a addu'a.

Ran Talata na je, don jini ba ya jiran mai baƙin ciki. Matar da ke kujera ta biyar, wata tsohuwa mai yawan magana, tana ganin fensir a hannuna ta gane ni. Ta ce ashe ni ce. Ta ce mai jan biron ɗan siriri ne mai furfura, tsohon mai walda, ba mai kawo shi ba mai ɗaukarsa. Kullum sai ya karanta wa ɗakin gaba ɗaya abin da na rubuta masa, yana dariya har inji ya yi ƙara.

“Ai ya addabi nas-nas ɗin nan,” in ji ta. “Wata uku yana roƙo a mayar da shi layin Litinin. Kullum sai ya tambaya ko wuri ya samu.”

Na juya fuska wajen taga na yi kukana, da hannu ɗaya nake share hawaye.

Da na natsu na buɗe shafin baya. Wasan ranar mai sauƙi ne, kafin awa ta biyu na gama da shi, saura uku. Na san su duka. Na ninke jaridar haka nan, na tura ta tsakanin katifa da hannun kujera, na haɗa da fensirina, ko da wanda aka ba wurina na Litinin bai zo da abin rubutu ba.