Fetur a Ƙarƙashin Gado

Mikail na tsugune a garejin Simon da ke Tashar Baga, yana riƙe wa bakaniken injin jirginsa, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a wando ya ɗauka. Gumsu ce, matarsa.

"Hajja ta iso," in ji ta, tana nufin mahaifiyarta.

"Ai kin ce sai Juma'a."

"Ni ma haka ta ce mini. Ga ta nan tana toshe hanci. Wai ɗakina wari yake kamar gidan mai, wai ko ni ba 'yar Kanuri ba ce. Ta zo da sabon turare, yanzu maƙwabciyarmu Ketura ta ba mu gawayi."

Mikail ya saki injin. Saura kaɗan ya murƙushe wa Simon yatsa.

Sana'ar Mikail tuƙa jirgin ruwa ne. In damina ta yi nisa fadamar Zabarmari ta cika, shi yake tsallakar da manoman shinkafa da buhunansu. Injin yana shan mai daga jajayen tankuna guda biyu na roba, waɗanda ake ɗauka a hannu. Bara ya bar su a cikin jirgin, aka sace ɗaya da man da ke ciki, sai da ya sayi wani. Bana da injin ya lalace, ya ƙi yarda a maimaita masa. Ya kawo su gida, unguwar Ajilari, a cike, ya jira Gumsu ta kai jaririyarsu asibiti awo, ya tura su can ƙuryar ƙarƙashin gado, ya jera akwatuna a gabansu. A kan murfin kowane tanki akwai ɗan noti na shan iska. Ya murɗe su tam don kada wari ya fita. Warin ya fita duk da haka. Da Gumsu ta yi magana, ya ce kayan aikinsa ne. Ta yi ta wanke kayan har suka koɗe.

Ba mugun mutum ba ne. Yana salla a kan lokaci, ba ya zaluntar fasinja. Amma wanda ya kwantar da matarsa da 'yarsa a kan fetur don gudun ɓarawo wawa ne, babu wani sunan da za a ba shi.

Kuma ya san yadda surukarsa Hajja Yagana take turara ɗaki. Ba ta farawa da labule. Ƙarƙashin gado take tura kaskon garwashi, ta saki zanin gado har ƙasa, don hayaƙi ya ratsa katifa.

"Gumsu, saurara da kyau..."

"Ga Hajja, ku gaisa."

Muryar tsohuwar ta shigo a hankali da gaisuwar Kanuri. "Wushe, Mikail."

"Wushe, Hajja. An zo lafiya?"

Ta tambaye shi aiki, ya ce kalewa, lafiya lau. Ta tambaye shi ruwa, ya ce kalewa. Ta tambayi mahaifiyarsa da ƙannensa da ƙafar kawunsa da ta kumbura. Duk ya amsa, har da russunawa a tsakiyar gareji kamar tana ganinsa. Sau da yawa maganar ta zo masa baki. Amma ta ina mutum zai katse surukarsa ya ce mata akwai fetur a ƙarƙashin gadon 'yarta? Yana cikin neman hanya layin ya yanke. Katin Gumsu ya ƙare. Ya danna kira, aka shaida masa shi ma ba shi da ko sisi.

"Ba ni wayarka," ya ce wa Simon.

Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Gumsu ba ta amsa lambar da ba ta sani ba. Shi da kansa ya kafa mata wannan dokar.

"Lafiya, mutumina?" in ji Simon. "Ka yi zuru-zuru."

Mikail ya gaya masa a taƙaice.

"Tankunan nan biyu? A cike?"

"A cike."

"Madam ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Simon ya ajiye sifana. "To me ka tsaya kana kallona? Ni ne gadon?"

Mikail ya tare keke napep a bakin titi, ya ce shi kaɗai zai ɗauka, kada a tsaya wa kowa. Direban ya ce to, ya kunna waƙa. Suka kutsa cikin cunkoso, suka bi bayan wata motar kifi da ta ƙi ba da hanya. Mikail yana ta dukan ƙarfen kujera da tafin hannu. Sun kusa kwanar Ajilari keken ya yi tari, ya yi shiru, ya gangara gefen titi da kansa.

"Mai ne ya ƙare," in ji direban. "Yallaɓai, ba ka san inda mutum zai sami fetur a unguwar nan ba?"

Mikail ya dube shi. Ya miƙa masa abin da ke aljihunsa, ya tattare riga, ya zuba da gudu. Ruwan jiya ya kwanta a lunguna. Ya bi ta cikinsa. Wani dattijo da ya san shi ya ɗaga hannu zai gaishe shi, ya wuce. Idonsa na sama yana neman baƙin hayaƙi a kan rufin gidaje. Bai ga komai ba sai shirwa.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. Abin da ya jinkirta aikin ba dabarar kowa ba ce: gawayin Ketura ne ya sha danshin damina, ya ƙi kamawa. Amma yanzu ya kama. Hajja Yagana na zaune a kan tabarma a bakin ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu, tana yafe da lafaya ruwan goro, tana fifita kasko da faifai. Garwashin ya yi jawur. Gumsu na tsaye a gefenta. Ketura, maƙwabciyarsu, tana tsinke zogale a ƙofar nata ɗakin. Ta cikin labulen da aka ɗage Mikail ya hango jaririyar, Rashida, tana barci a tsakiyar gadon.

Sai ya yi abin da jikinsa ya saba. Ya cire takalmi, ya tsuguna daga nesa, ya sunkuyar da kai.

"Wushe, Hajja."

"Wushe, wushe. Ka dawo da wuri." Ba ta dube shi ba, kamar yadda kunyar surukuta ta tanada. "Ya aikin?"

"Kalewa," ya ce, yana haki.

"Ya ruwan?"

"Kalewa."

Ta buɗe kwalba, ta ɗebo turaren da yatsu uku, ta barbaɗa a kan garwashin. Farin hayaƙi ya tashi, ƙamshi ya cika tsakar gidan. Turare ne mai kyau, wannan babu musu.

"Ya ƙafar kawun naka?" Ta tura kaskon wajen 'yarta. "Ke, ɗauki. Ƙarƙashin gado, can ciki, ki saki zani."

Gumsu ta sunkuya ta kama kaskon.

Butar alwala na kusa da shi. Mikail bai san lokacin da ya ɗauke ta ba. Ya yi tsalle ɗaya, ya cire murfin, ya juye ruwan duka a kan garwashin. Kaskon ya yi cuu, toka ta tashi, baƙin ruwa ya fantsama a lafayar Hajja tun daga gwiwa har ƙirji. Bai tsaya nan ba. Ya tsallake miƙaƙƙun ƙafafun surukarsa, abin da bai taɓa jin wani ya yi ba a danginsu, ya shiga ɗakin, ya sunkuto jaririyar, ya sake tsallake ƙafafun, ya danƙa wa Ketura ita.

"Maman Jona," ya ce wa Ketura, "ki fita da ita waje. In akwai wuta a murhunki ki kashe."

"Yesu," in ji Ketura. Ta dubi fuskarsa, ta fita.

Ya koma ya ja akwatunan gefe, ya kwanta rub da ciki, ya jawo tankunan ɗaya bayan ɗaya. Zafin ɗakin ya kumbura su, sun yi tim kamar cikin akuyar da ta kwana a mace. Ɗaya yana tsiyaya ta bakin tiyo. Ledar ƙasa ta jiƙe, ta yi laushi. Ya fito da su a hankali, ya wuce mata biyun, ya kai su ƙofar gida gindin darbejiya. A can ya sassauta notin kowanne. Tankunan suka yi dogon huci, suka saɓe.

Da ya dawo, Hajja tana nan inda take. Ta dubi kaskon, ta dubi lafayarta, ta dubi duhun ƙarƙashin gadon.

"Gumsu," ta ce, "tambayi mijinki tun yaushe abin nan yake nan."

"Ka ji," in ji Gumsu.

Mikail ya sake tsugunawa. "Tun da injin ya lalace."

"Tambaye shi, da na zo Juma'a yana kan ruwa fa?"

Gumsu ba ta tambaye shi ba. Mikail ya ƙara sunkuyar da kai.

Tsohuwar ta rufe kwalbar turarenta, ta ƙulle ta a bakin zani. Ta ce a buɗe taga, a fitar da katifa da leda a shanya a katanga, kada wanda ya ƙyasta ashana a gidan sai ta ce. Ita da 'yarta da jikarta za su zauna a ɗakin Ketura.

"Shi kuma gaya masa, tunda yana tsoron ɓarayi, ya je ya zauna da kayansa a waje har warin ya fita."

"Hajja," in ji Mikail, kansa a ƙasa, "warin fetur yana daɗewa."

"Gaya masa na sani."

Ya fita gindin darbejiyar, ya zauna a kan wani bulo tsakanin tankunan biyu. Da azahar ta wuce Gumsu ta fito da kwanon abinci, ta ajiye a gabansa. Ta tsaya tana kallon jajayen robobin.

"Rigunanka har sun yage a hannuna garin wanki," ta ce.

"Na sani."

"Ina za ka kai su?"

"Zan sa Simon ya haɗa mini kejin ƙarfe mai ramuka, a kafa a inuwa a bakin ruwa, in sa kwaɗo."

"In an fasa kwaɗon fa?"

Mikail ya buɗe kwanon. Biski ne da miyar kuka, wanda aka dafa domin baƙuwa.

"A fasa," ya ce.