Hannun Goggo a Gefen Hoto

Kai ma ka sha ganinsa ka kau da kai: hannun nan da ke leƙowa daga gefen hoton gidanku, riƙe da faranti, ba fuska ba suna. Irin wannan hannun Auta ta ɗora wa yatsa lokacin da ta baje kundin hotunan gidansu a kan teburin mai sayar da kyamarori.

"Goggo ce, yayar babanmu. Ita ta raine mu duka. Shekara talatin, ba hoto ɗaya da ta fito cikakkiya. Nan hannu, nan rabin kunne."

"A nan kuwa ta ci gaba, har da kafaɗa," in ji mai shagon.

Auta ba ta yi dariya ba. Ƙafar Goggo ta hana ta saukowa daga bene, ɗakinta kuma kamar akwatin ashana yake. Yau da la'asar mutum ashirin da uku za su taru a cikinsa, gobe kowa ya kama gabansa. Babu wurin ja da baya da kyamara, sai gilashin da ake kira idon kifi, mai haɗiye ɗaki daga bango zuwa bango.

Mai shagon ya juya ƙaramar kyamararta, ya jera gilasai uku. Ya ɗaura na farko, mai nauyi, ya je ya manne da bango. Auta ta leƙa, hannunsa kawai ta gani.

"Na manyan kyamarori ne," in ji shi. "Farantin da ke karɓar haske a taki ƙarami ne, tsakiya yake ɗauka ya zubar da gefe."

"Halin gidanmu ke nan. Cire shi."

Na biyu ya kwashe shagon kaf, amma cikin da'ira, baƙi ya zagaye ta, kamar ana leƙen mutane a rijiya.

"Goggo za ta ce na binne ta da rai."

Na uku ɗan mitsitsi ne, don irin kyamararta aka yi shi, da hannu ake saita shi. Ya cika hoton, mai shagon ya fito har takalmi, sai dai ya lanƙwashe kamar lauje.

"Ba ya yar da kowa," in ji shi, "amma na gefe shi ke shan wahala. Wanda kike so ya fito da mutuncinsa, sa shi a tsakiya."

Auta ta daɗe tana kallon gilashin, sannan ta ce ya naɗe mata shi.

Da la'asar ɗakin ya cika har bakin ƙofa. Baffa, ƙanin babansu, ya sa an kawo masa kujera tsakiya kamar kullum, ya gyara hula. Goggo kuwa ta ja jiki can ƙarshen gado, da tiren kofuna a cinya.

"Ku ɗauka kawai, ni ba na kyau a hoto."

"Yaushe kika gani?" in ji Auta.

Ta ɗauki na gwaji, ta miƙa wa Baffa. Goggo ta fito duka, amma a karkace, fuskarta ta miƙe kamar an ja ƙullu. Baffa ya juyo wajen Auta.

"Wa ya yi wa Yaya haka?"

"Gilashi ne, Baffa. Haka yake yi wa duk wanda aka bari a gefe."

Ya tashi da kansa. Aka karɓe tiren da ƙyar, aka tallabo Goggo zuwa kujerar tana mita cewa shayi zai huce. Da ta rasa abin riƙewa, sai ta ɗora hannuwanta a gwiwa, tana kallonsu kamar na aro.

A hoton da ke rataye a ɗakin yanzu, Goggo tana zaune tsaf, har ɗan tabon haɓarta ana gani. Baffa yana can jikin bango, ya tanƙware kamar ayaba, hularsa ta kusa taɓa rufi. Shi ya ce a wanke babba.

Kai kuma ba sai ka sayi gilashi ba. Ɗauko kundin gidanku yau, ka nemo mai hannun nan, ka karɓi farantin, ka ja mata kujera tsakiya.