Allurar Farfesa Harkin ta Huɗu

Shekara uku Merrin Pascoe ta yi a ɗakin bincike na bakin teku a Queensland ta ƙasar Ostireliya, tana soka allurar gilashi a ƙwayoyin jijiyar 'ya'yan kifi tun suna cikin ƙwai. A fatar kowace ƙwaya akwai 'yan ƙofofi da gishiri ke bi ya haifar da lantarki. Merrin ta gano cewa a kwana na biyu na rayuwar ɗan kifi wasu ƙofofin kan ɓace, sababbi masu saurin buɗewa su maye gurbinsu.

Shugaban ɗakin, Farfesa Desmond Harkin, ya yi suna ne da cewa ƙofofin nan ba sa sauyawa.

Ranar Talata ya jefa mata takardun sakamakonta a kan tebur, gaban kowa.

"Ke, wannan ai datti ne a bakin allura. Wanke hannu ma sai an koya miki?"

"Sau tamanin na auna, Farfesa."

"Shirme tamanin kenan."

Merrin ta miƙe, ta turo masa kujerarta da ƙafa.

"To bismillah, ga na'ura ga kifi. Ko hannun ya tsufa ne, sai baki?"

Harkin ya tuɓe agogonsa ya zauna, ya manna ido a madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Allura ta farko ta karye. Ta biyu ta fasa ƙwayar. Ta uku ma haka.

"Akwai sauran allurai cikin kwali, kada ka ji komai," in ji Merrin.

Ta huɗu ta kama. Layin lantarki ya yi tsalle a allo, siriri mai kaifi, daidai da wanda ke cikin takardun da ya jefar. Ya daɗe yana kallonsa. Merrin ta tsaya jiran kalma ɗaya tak.

"Ruwan kifinki ya cika ɗumi," ya ce, ya fice.

Ma'aunin zafi na manne a jikin tankin kifin, bai ko dube shi ba.

Binciken ya fito a mujallar kimiyya bayan wata bakwai, bayan Harkin ya sa an cire sunansa daga ciki. A makon ne ya ba da umarni aka kwashe tankunanta zuwa wani ɗaki a ƙasa, kusa da injin famfo. Merrin ta zauna cikin ƙarar injin, ta fara auna ƙofofin na kwana na uku.