Ranar Da Aka Jefa Baba A Tafki

A tsakiyar jami'armu, tsakanin laburare da ofishin shugaba, akwai wani wuri da ake kira Tafki. Kada sunan ya ruɗe ka. Kwarmi ne na siminti, zagayayye, zurfinsa bai wuce cinya ba, da wani kifin siminti a tsakiya ya wangame baki yana kallon sama. An ce da can ruwa na fita ta bakin kifin. Tun kafin a haife ni bututun ya fashe, aka kafa kwamitin gyara, kuma kwamitin yana nan da ransa, yana zama duk zango. Abin da ke cikin Tafki yanzu yashi ne da busassun ganye da murafen biro.

Ruwa ya tafi, al'ada ta ƙi binsa. Duk wanda ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe, 'yan ajinsu za su ɗauke shi cak, maza su ɗauki namiji, mata su ɗauki mace, su yi lilo da shi su wurga ciki. Dole ya yi ihun sanyi, ya yi iyo a yashin nan har gaɓa, ya fito yana karkarwa, wani nasa ya lulluɓe shi da tawul. Sai kuma atishawa. In atishawar ba ta gamsar da jama'a ba, a sake jefa shi. Ƙungiyar ɗalibai har zaɓen Mai Ceto take yi duk shekara, da kamfe da fosta, a ba shi usur da tsohon tif na mota, ya tsaya a baki ko da wani zai nutse. An taɓa tsige wani Mai Ceto da aka gano bai iya ruwa ba.

Ni da mahaifina aji ɗaya muka yi a Sashen Tarihi, kuma ban yafe masa da wuri ba. Yana saurayi ya taɓa shiga jami'ar nan, zango ɗaya kacal, sai mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne, ya ajiye karatu ya kama tuƙin babbar mota. Da ya tsufa ya ajiye mota, ni autarsa na sami gurbi, ashe shi ma ya zauna jarrabawar shiga a ɓoye. Ranar farko na shiga aji na tarar da shi a layin gaba, ya ajiye min wuri da hularsa. Har muka gama babu saurayin da ya taɓa tambayata ko ƙarfe nawa.

Shi kuwa Baba damuwarsa daban ce: girmama shi ake yi, kuma abin na ci masa rai. A makon farko ana tilasta wa sababbin ɗalibai su sa riga a baibai. Ba wanda ya tilasta masa, don haka ya juya tasa da kansa ya fito yana taƙama. Wani ɗan ajin ƙarshe ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, rigarku a baibai take," ya kuma tare shi da jikinsa har ya gyara. Kowa a ajin an laƙaba masa sunan tsokana. Ni Rediyo ce, wai ba na mutuwa sai an ɗauke wuta. Baba ya kawo shawarar a riƙa ce masa Tanka, cikin ladabi aka ci gaba da ce masa Baba. In ya makara malami ne ke ba shi haƙuri don an fara ba shi.

Da jarrabawar ƙarshe ta matso, sai ya shiga neman faɗa da gangan, ko Allah zai sa wani ya ƙullace shi. Ya tare Monita, wato shugaban ajinmu, wani dogo mai sanyin hali, ya ce masa kansa kamar tankin mai. Monita ya shafa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne, Baba, a gida ma ana faɗa."

Da safen ranar na same shi a falo yana ninke sabon tawul, ruwan ɗorawa, ko takardar kanti bai cire ba. Mama na daga kicin tana cewa mutum da jikoki zai je ya yi birgima a ƙasa, ita dai kada a kawo mata wanki.

Na ce, "Baba, kai ma ka san ba wanda zai ɗaga ka. Wa zai kama ƙafar sa'an kakansa?"

Ya ci gaba da ninkin bai dube ni ba. "Auta, ni na ga Tafkin nan da ruwa. Ina tsaye a bayan mutane, ina ɗan ajin farko, aka jefa wani mai gilashi, ruwan ya fantsamo min a fuska. Sanyi ƙalau. Na ce a raina, saura ni." Ya tura tawul ɗin cikin jaka. "Shekarun nan duk da na yi a kan hanya, in na wuce ta kan gada sai na tuna."

Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, don na san 'yan ajinmu.

Muna fitowa daga jarrabawa aka fara. Mata suka yi caraf da ni, kafin in ce a bi min gyale a hankali na ji ni a yashi. Na yi ihuna, na yi iyona, na yi atishawar da ta sa aka tafa. Ɗaya bayan ɗaya aka jefa kowa, har Monita, wanda tsawonsa ya sa sai da aka nemi taimakon 'yan Sashen Lissafi. Baba na tsaye a gaɓa, ya cire takalmi, ya cire agogo ya sa a aljihu, yana rungume da tawul. Duk wanda ya nufo wajen sai Baba ya gyara tsayuwa, mutumin kuma ya gaishe shi ya wuce.

Can sai ga Monita da tawaga. Ashe sun yi taro a kan Baba. Suka jingina ɗan tsani a bakin Tafki, suka shimfiɗa kafet daga tsanin har gindin kifi, suka ajiye kujerar roba, wani ya tsaya a bayanta da laima. Monita ya kakkaɓe yashin kansa ya yi gyaran murya.

"Baba, a madadin aji, muna gayyatarku ku shiga Tafki. A hankali, ga hannuna. Ba sai kun yi iyo ba. Atishawar ma mun wakilta wani ya yi muku."

Wani siriri ya matso gaba yana shafa hanci, a shirye.

Na dubi Baba. Murmushi yake yi, yana gyaɗa kai, yana cewa an gode, Allah ya yi albarka. Amma na san fuskar. Ita yake yi da can in ya dawo daga doguwar tafiya da tsaraba ya tarar an kai mu gidan kaka. Ya ɗaga ƙafa zai taka tsanin.

Na ce, "Baba, kawo tawul ɗin in riƙe maka."

Ya miƙo. Na rataya shi a kafaɗa, na koma bayansa, na nemi gafarar Allah da ta Mama, na sa hannu biyu na hankaɗa mahaifina.

Ya tafi gaba ɗaya, ya faɗi rub da ciki, ƙura ta tashi. Mai laima ya saki laima. Mai Ceto na tsaye da usur a baki ya manta abin da ake yi da shi. Baba bai motsa ba, ni kuwa na fara tunanin wanda zai gaya wa yayyena.

Sai hannunsa na dama ya ɗago, ya yanki iska ya sauka. Na hagu ya biyo.

"Wayyo sanyi!" in ji Baba.

Bai nufi gaɓa ba. Sai da ya zagaya kifin, ya yi iyon ciki, ya juya ya yi na baya, ya ci karo da kujerar ya ture ta yana faɗa, wai wane marar hankali ne ya jefa kujera a ruwa. Mai Ceto ya farfaɗo, ya busa usur, ya wurga tif, tif ya sami Baba a ka. Ya fito yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, gemu duk ganye. Ya tsaya a gaban jama'a, ya ja numfashi, ya ɗaga kai sama.

Abin da ya fito ɗan ƙarami ne, kamar na kyanwa.

Wasu suka ɗaga hannu za su tafa. Baba bai dube su ba, Monita yake kallo. Monita ya dubi ƙasa, ya dubi kifin, ya dube ni. Na zare masa ido.

"Baba," in ji Monita, "ku yi haƙuri." Ya dubi Baba ido cikin ido. "Tanka, wannan atishawar ba ta yi ba."

Ban ga wanda ya fara kama ƙafar ba. Na dai ga mahaifina a sama, a hannun samari, ana lilo da shi, yana zaginsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu na tsokana, yana cewa su sauke shi marasa kunya. Suka wurga shi har kusa da kifin.

Atishawa ta biyu sai da tantabarun laburare suka tashi. Ya hauro gaɓa yana ɗingishi, na tare shi da tawul na lulluɓe masa kai, ya riƙe shi a fuska ya daɗe bai sauke ba, kafaɗunsa na rawa. Jama'a na ta yaba masa, wai ba a taɓa ganin wanda ya iya karkarwa kamarsa ba. Da ya miƙo min tawul ɗin na ninke shi da sauri na tura a jaka, don a jiƙe yake.