Birkin Hannu Ya Yi Fushi

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai ina zaune a motar Yaya Munnir a kan gangaren ƙofar gidanmu, giyar ta maƙale a P, wato fakin. Na taka birki, na ja, ko motsi. Ko a mafarkin ina sane da sharaɗin da ya gindaya ranar da ya fara ba ni makulli: duk ranar da motar ta yi tari a hannuna, na koma hawa Keke Napep.

Ruwan sama na tashi daga kwata yana komawa cikin gajimare, mata sai shanya kaya suke yi a ƙarƙashin gado.

Wani ƙadangare sanye da rigar kanikawa ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Hajiya, wa kika fara gaisarwa da kika tsaya?"

Na ce ban ga kowa ba. Ya gyaɗa kai. Na ce kuma ina da digiri. Ya sake gyaɗa kai.

Sai ga mu a ofis, ni da motar, a kan benci ɗaya. Wata akuya mai tabarau tana bayan tebur tana cinye takardar ƙorafin wanda ya riga ni. Ta ce masu ƙara su yi magana.

Giya ce ta fara, da muryar ƙaramar yarinya. "Ranki ya daɗe, kullum haka take. Ta tsaya a gangare, ta cusa ni a P, ta ɗage ƙafa. Duk nauyin motar a kan haƙorina ɗaya. Ga babba a zaune, ba ta ko kallonsa."

Birkin hannu, wani dattijo siriri, ya juya mini baya. "Bar ta. 'Yan boko ne. Ko Munnir da rashin kunyarsa ni yake fara ɗagawa."

Akuya ta yanke hukunci: in durƙusa in gaishe shi, a lasifika, unguwa ta ji. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ina wuni."

"Ban ji ba."

"Ina wuni, Baba. Ya gajiya?"

"Wace gajiya? An sa ni aiki ne?"

Duk unguwa ta yi dariya, har da kwata.

Muka dawo ƙofar gida. Ƙadangare ya ce sai an ɗan tura motar sama kafin haƙorin ya saki, amma a garin nan ba a tura mota, hanya ake turawa. Maƙwabta suka dafa kwalta suka tura. Gangaren ya miƙe, gidanmu ya karkace, tukwanen Umma suka gangaro ɗaya bayan ɗaya suka yi fakin a layi. Kowacce ta ja birkin hannu.

Na ɗora hannu a kan giya. Ta ce a hankali, "Anti Rumaisa, ni fa na yafe. Amma zan yi ƙara."

Ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ƙarar kuma daga ƙofar gida ta fito, inda na bar motar jiya da yamma. Na ji an kashe injin, an rufe ƙofa, takun Yaya Munnir ya nufo tagata.

"Rumaisa. Wa ya yi fakin ɗin nan?"

Na ja bargo na rufe kai. Daga ciki na ce, "Ina kwana, Yaya. Ya gajiya?"